Ƙaramin Kan Jirgin Da Ke Tashar Minna

Da yawa daga cikinmu nan Sabo, in za mu gida, mun sha ratsa Minna. Amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa suka dubi ɗan kan jirgin nan da aka girke a tashar jirgin ƙasa ta garin? Shi ne na farko da ya fara fitar da hayaƙi a ƙasar Arewa.

Kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila ne ya ƙera shi. A 1901 aka ɗora shi kan wani ɗan siririn dogo, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, daga Wushishi zuwa Zungeru, inda Lugga ya zaɓa ya kafa hedikwatarsa. Jiragen ruwa su kawo kaya ta kogin Kaduna, shi kuma ya ƙarasa da su. A 1902 aka ƙara dogon zuwa Barijuko. Duka tafiyar mil ashirin da 'yan kai ce.

Irin wannan kai ba ya jan taragon ruwa da gawayi a bayansa kamar manyan da ke zuwa Kano a da. Ruwansa na cikin tankuna biyu a haƙarƙarinsa, makamashinsa na ɗan akwati bayan direba. Ɗan guzuri ne, ba ya kai shi nesa, dole ya tsaya ya sha. To amma fa ba shi da nauyi, kuma gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa, ba sai an gina masa wurin juyawa ba. Bature mai tsimin kuɗi me zai nema da ya wuce wannan?

Da babban dogo ya zo, sai aka tumɓuke ƙarafan Wushishi aka yi amfani da su a layin da aka laƙaba wa sunan Bauchi, wanda bai taɓa taka garin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi, ya kai Rahama a 1912, ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru a 1914. Kuza ake nema. Kafin nan 'yan dako ne ke ɗaukar ta a ka har Loko, bakin Binuwai, tafiyar kwanaki. Kakannin wasunmu na cikin masu wannan wahala.

Mu da goro da shanu suka zaunar da mu a Ibadan mun san abin da dogo ke yi wa gari. Mutanen ƙauyukan wancan layi sun ga ɗaya ɓangaren. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta bi can. Ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har 1957, aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan.

Wanda hanya ta bi da shi ta Minna da yara, ya ɗan tsaya ya nuna musu tankunan nan biyu.