Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Yanayi, Tsirrai da Namun Dajinsa

Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a Nijeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,400. Yana shimfiɗe ne a jihohin Taraba da Adamawa, daura da iyakar Kamaru. An kafa shi a shekarar 1991, bayan haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti, kuma hedkwatarsa tana garin Serti.

Bambancin tudu da kwari ne ke tsara rayuwar gandun. Ɓangaren arewa, wato Gumti, yawanci shimfiɗaɗɗen daji ne, yayin da na kudu ke cike da tsaunuka da kwazazzabai. A can ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419.

Damina takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan ya fi yawa a kudu, inda tsaunuka ke tare iska mai ɗauke da danshi. Daga Disamba hunturu ke kankama, zafi kuma ya tsananta a kwari a watan Maris, alhali kan tudu na cikin sanyi da hazo.

Tsirran ma suna bin wannan tsari. A filayen ƙasa ana samun maje, da doka, da kawo, da maɗaci, da madobiya a cikin dogayen ciyayi. A gaɓar koguna akwai kurmi mai duhu, a can ƙololuwa kuwa sai makiyaya mai gajeriyar ciyawa, inda Fulani suka daɗe da zama da shanunsu a yankunan da aka keɓe musu.

Kurmin kudu na daga cikin mafakar da ta rage wa birin cimfanzi na yankin Nijeriya da Kamaru, wanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Akwai kuma gogon biri, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da damisa, sannan dorina da kada a cikin koguna. Nau'o'in tsuntsayen da aka ƙidaya sun kai ɗaruruwa.

Amfanin gandun bai tsaya ga dabbobi ba. Dazuzzukan tsaunukan ne ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa kogunan Kam da Taraba, waɗanda ruwansu ke ƙarewa a Binuwai. Idan aka sare su, manoma da masunta na nesa ma za su ji a jikinsu.

Manyan ƙalubalen wurin su ne farauta ba bisa ƙa'ida ba, da saran madobiya domin fitar da katako waje, da haƙar ma'adinai, da ƙone daji. Tun daga 2017, Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ke aiki tare da ƙungiyar Africa Nature Investors wajen horar da masu gadi da ƙarfafa sintiri.