Daga Ƙunƙunniya Zuwa Bututun Kabon: Tarihin Robar da Lantarki Ke Ratsawa

Filastik, wato irin robar da ake ƙera bokiti da bututu da ita, a asalinsa ba ya barin lantarki ya ratsa shi, abin da ya sa ake lulluɓe wayoyin wuta da shi. Sai dai wannan hali kan zama illa a inda gogayya ke tara caji a jikinsa, domin tartsatsi ɗaya a bututun man mota ya isa ya haddasa gobara. Maganin da masana'antu suka daɗe suna dogaro da shi shi ne cuɗa robar da garin kabon, dangin ƙunƙunniyar da mutanen Sin da na Masar suka yi tawada da ita tun zamanin da.

Da farko neman ƙarfi ne ya shigar da baƙin garin cikin roba. A shekarar 1904 S. C. Mote ya lura, a wata masana'anta da ke Silvertown a Landan, cewa garin yana ƙara wa roba ƙwari, kuma ba a jima ba kamfanin Goodrich na Amurka ya fara zuba shi a tayoyinsa, har taya ta bar farin launin da aka san ta da shi ta koma baƙa. Daga baya aka gane cewa idan garin ya kai wani adadi, lantarki na soma ratsa robar, kuma canjin ba a hankali yake zuwa ba: ƙarin ɗan kaɗan kan ninka ratsawar sau miliyoyi. Bayanin hakan ya samu gindin zama a lissafin da Broadbent da Hammersley suka wallafa a 1957, wanda ya nuna cewa akwai gaɓar da ƙwayoyin da ke warwatse ke haɗuwa su zama saƙa guda daga wannan gefe zuwa wancan.

A nan ne wahalar sana'ar take. Saƙar da ke bai wa lantarki hanya ita ce kuma ke riƙe narkakkiyar roba ta hana ta kwarara, ta yadda abin da ke zuba kamar zuma zai yi kauri ya tsaya cak. Baƙin gari na yau da kullum kan buƙaci kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin haɗin, wanda ke wahalar da injin zubi, ya kuma sa kayan saurin karyewa.

Ƙananan bututun kabon, waɗanda Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ya bayyana tsarinsu a 1991, sun sauya lissafin, domin kaurinsu 'yan nanomita ne, wato kaso ɗaya cikin biliyan na mita, alhali tsawonsu ya ninka kaurin sau ɗaruruwa ko dubbai, don haka kaɗan daga cikinsu ya isa su taɓa juna. Kamfanin Hyperion Catalysis na jihar Massachusetts ya riga kowa sayar da su ga masu ƙera bututun man mota a shekarun 1990. A 2002 Petra Pötschke da abokan aikinta suka nuna cewa a robar polikabonet kaurin narkakken haɗin yana tashi sosai da zarar bututun sun kai kusan kashi 2 cikin ɗari, daidai wajen da ratsawar lantarki ke farawa. Bayan Geim da Novoselov sun ɓanɓaro girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a Manchester a 2004, rukunin Rodney Ruoff ya cuɗa shi da roba, ya sami gaɓar a kusan kashi 0.1 cikin ɗari na girman haɗin a 2006.

Sai dai abin da aka auna a ɗakin gwaji bai cika tabbata a masana'anta ba. Bututun kabon kan zo a cure a dunƙule, dole a murje su kafin su watsu, kuma murza mai tsanani tana kakkarya su; sannan idan aka tura narkakkiyar robar cikin mazubi da sauri, sai su miƙe su fuskanci gefe guda, saƙar ta tsinke, musamman a fatar kayan inda sanyi ke fara kamawa. Saboda haka masu aikin suka koyi ƙara zafi da rage saurin turawa, don bututun su sami lokacin sake haɗuwa. Kasuwar ma ba ta buɗe da saurin da aka zata ba, har kamfanin Bayer na Jamus ya dakatar da aikinsa kan bututun a 2013, yayin da baƙin garin ya ci gaba da riƙe mafi yawan cinikin saboda arharsa.