Asalin Gasar Ƙauyukan Montgomery

A can ƙasar Amurka akwai wata jiha, ana ce da ita Indiyana, ƙasar manoman masara. A cikinta akwai gundumar Montgomery. Babban garinta Crawfordsville, kewaye da shi kuwa ga ƙananan garuruwa irin su Wingate, New Richmond, Linden, Darlington, Ladoga da Waveland. A da, kowannensu da makarantar sakandarensa, kome ƙanƙantarsa.

Asalin gasar waɗannan makarantu daga sanyi ne. A 1891 wani malami mai suna James Naismith ya rasa wasan da zai ba ɗalibansa lokacin hunturu, sai ya kafe kwanduna biyu a cikin zaure, ya ce su jefa ƙwallo ciki. Mafarin ƙwallon kwando ke nan. Ba a daɗe ba wasan ya iso Crawfordsville, ya kuwa zo wa manoma daidai. An gama girbi, ƙanƙara ta rufe gonaki, kuma yara biyar sun isa a kafa ƙungiya. Ƙauyen da ba zai iya tara 'yan wasa goma sha ɗaya ba, ai ba ya rasa biyar.

Da aka fara gasar jiha a 1911, Crawfordsville ce ta ɗauki kofi. A 1913 da 1914 sai ga Wingate ta cinye sau biyu a jere, alhali ko zauren wasa ba ta da shi. A waje yaran suke atisaye, hannu na ƙanƙarewa, in za su shiga zaure sai sun yi tafiyar mil shida zuwa New Richmond. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Da abin ya kankama, makarantun ƙauyukan suka haɗa kai, suka tsara wa zai kara da wa, a ƙarshe a fitar da zakaran gunduma. Daren Juma'a gari kan watse zuwa zaure, tsofaffi da goyo duka. Wanda aka doke kuwa, zai sha ba'a a shagon aski har wata shekara.

To, me ya kashe gasar? Injunan noma suka rage buƙatar hannu, jama'a suka yi birni, azuzuwa suka yi fayau. A 1953 aka haɗe Wingate da New Richmond suka zama Coal Creek Central. A 1959 jiha ta yi dokar haɗe ƙananan makarantu. Ya zuwa 1971, waɗanda suka rage an zuba su cikin biyu, North Montgomery da Southmont. Abokan hamayyar jiya suka sa riga iri ɗaya, gasa ta mutu don babu sauran wanda za a kara da shi.

Da masu shirya fim ɗin ƙwallon kwando mai suna Hoosiers, wanda ya fito a 1986, suka zo neman ƙauye irin na wancan zamani, New Richmond suka zaɓa. Sun tarar da titi da shaguna suna nan, amma ƙungiyar garin ta fi shekara talatin da shuɗewa.