Magungunan Ƙiba a Kiwon Turke da Naman da ke Isa Fatakwal, Anacha da Inugu

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda tarihin magungunan da aka yi wa maraƙi ke ɓacewa tsakanin turken Arewa da mayankar Kudu, da nauyin da hakan ke ɗora wa Hausawa 'yan kara da mahauta.

Gabatarwa

A Indiya da Masar ana kiwata 'yan maruƙan ɓauna domin nama. A Nijeriya bajimi ne ke tsaye a wannan gurbi. Muhawarar sinadaran homon da ake ba irin waɗannan dabbobi don su yi ƙiba kuwa ta daɗe. Amurka ta yarda da guda 6, ciki har da zeranol da trenbolone, kuma galibinsu ana dasa su ne a ƙarƙashin fatar kunne, saboda kunnen ba ya shiga abinci. Turai ta hana shigo da irin wannan nama tun 1989, rikicin ya kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ko da yake sun saɓa, duk ɓangarorin biyu suna rubuta abin da aka ba dabba.

Daga turke zuwa kwata

A nan matsalarmu take. Mai kiwon turke a Wudil ko Potiskum yana ciyar da sansa dusa da harawa da angurya. Idan kasuwa ta matso, wani kan nemi allurar da za ta cika dabbar da wuri. Maganin da ya fi sauƙin samu shi ne irin su dexamethasone, wanda asalinsa na kumburi ne. Yana buɗe ci, amma yawan amfani da shi na raunana garkuwar jiki, yana kuma danne alamun cuta, har sa marar lafiya ya yi kyan gani a idon mai saye.

Kowane irin wannan magani yana da kwanakin jira kafin yanka, domin ragowarsa ta fita daga hanta da ƙoda da tsoka. Sai dai sa kan bi ta hannun dillali, ya hau tirela, ya sauka a Amansea kusa da Awka, ko Garikin Ugwuoba a jihar Inugu, ko Lokpanta a kan hanyar Fatakwal. Mahaucin da ya saye shi bai san ranar allurar ba. Duban likitan dabbobi a kwata na iya gano tarin fuka, amma ragowar sinadari sai ɗakin gwaji.

Tattaunawa

Abin da ya fi damun wannan nazari shi ne cewa Bahaushen da ke zaune a Ama Hausa, wato unguwar Hausawa a Kudu, shi ne fuskar wannan nama a wurin maƙwabtansa. In zargi ya taso, kansa zai sauka, alhali hannunsa bai taɓa sirinjin ba, kuma zaman baƙo ba ya jure irin wannan zargi.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan dabbobi rajista, an kuma ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Amma a ganina gyaran zai fi kama ƙasa idan ya bi ta hannun masu amanar kara. Fatoma da dillali sun daɗe suna tsaya wa dabba cewa ba ta sata ba ce. Za su iya tsayawa kan ranar allurarta ta ƙarshe, a rubuta a takardar lodi, Sarkin Pawa ya nemi ganinta kafin a kai sa mayanka.