Wuraren Tattaki da Shan Iska a Karkarar da ke Kewaye da Birnin Kano

Allah Ya albarkaci Jihar Kano da duwatsu da koguna da madatsun ruwa, waɗanda da yawa daga cikinsu ba su wuce tafiyar awa ɗaya zuwa biyu a mota daga birni ba. Mutum zai iya fita bayan sallar asuba, ya ajiye motarsa a bakin gari, ya taka da ƙafa na ɗan lokaci, ya dawo gida kafin la'asar. Mun tattara wannan bayani ne domin masu sha'awar irin wannan fita, amma musamman domin mazauna yankunan da hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda su ne masu masaukin baƙi. Hanyar da baƙo yake bi don ya sha iska, galibi gefen gonar wani ce ko burtalin dabbobin wani.

Tiga da Bagauda

Madatsar ruwa ta Tiga tana kimanin kilomita 70 kudu da Kano. Ana bin hanyar Zariya, a wuce Kura, sannan a ratse zuwa ƙasar Bebeji. An gina ta ne a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, kuma tafkin da ta tara ya kai murabba'in kilomita 178. A ganinmu babu wurin da ya kai bakin wannan tafki daɗin tattaki a duk faɗin jihar nan. Ga ruwa iyakar ganin ido, ga faloli da manyan duwatsu da suka hau kan juna, ga masunta suna gyaran komarsu a bakin gaɓa tun da sassafe, balbela da zalɓe kuma suna kiwo kusa da su. Wanda ya bi gaɓar na rabin awa ya juyo, ya ga abin da ya zo gani, ba sai ya wahalar da kansa ba.

Sai dai a sani cewa jikin madatsar da ƙofofin sakin ruwa suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka ba a hawa ko ɗaukar hoto a wurin sai da izinin ma'aikatan da ke aiki a can.

Tafkin Bagauda yana kan wannan hanya kafin a isa Tiga. Ya ci sunan Bagauda ne, sarkin Kano na farko a kundin tarihi. Otal ɗin da ya yi suna a bakinsa a da, yanzu shi ne mazaunin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, saboda haka ba wurin shiga kai tsaye ba ne. Dattawan yankin ba su manta da ɓallewar wannan madatsa a daminar 1988 ba, da irin asarar rayuka da dukiya da ta jawo.

Hanyoyin bakin magudanan ruwa

Ruwan Tiga ne yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kowace babbar magudana tana da hanya shimfiɗaɗɗiya a gefenta, babu hawa babu gangara, shi ya sa ta fi dacewa da tsofaffi da masu ƙananan yara. A tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, nan kuwa kore ne shar da alkama da tumatir da albasa. Abin lura shi ne ba don masu yawo aka yi waɗannan hanyoyi ba. Manoma ne suke bin su da babura da amalanke, don haka kada a tare su da mota, kuma kada a taka kunya ko a tsinki amfanin gona. Wanda ya ga ya yi sha'awa, ya sallama wa mai gonar ya saya.

Duwatsun Rano da Santolo

Daga Ƙarfi akwai hanyar da ta bi ta Bunkure ta isa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Duwatsu ne suka kewaye garin, kuma mai ƙarfin gwiwa zai iya hawa wasunsu ya hango garin da gonakinsa, da kukoki da ɗorayi da tsamiyoyi a warwatse cikin fili. A cikin wannan ƙaramar hukuma kuma akwai Rurum, wadda ita ma ƙasar duwatsu ce kusa da tafkin Tiga.

Dutsen Santolo kuwa, a ƙasar Dawakin Kudu, ya fi waɗannan kusa da birni. Ba shi da girman da zai ba da mamaki, amma tarihinsa yana da nauyi, domin nan ne cibiyar da ta daɗe tana ja da sarakunan Kano, har sai da Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci ta da yaƙi bayan zuwan malaman Wangarawa. Muna ganin ya kamata makarantun yankin su riƙa kai ɗalibansu, maimakon a bar wannan labari a cikin littafi kawai.

Akwai kuma madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, kimanin kilomita 90 daga Kano, da ta Watari a Bagwai. Dajin Falgore ba ya cikin wannan lissafi: ya yi nisa, kuma ba wurin da za a shiga ba ne ba tare da tuntuɓar jami'an tsaro da na gandun daji ba.

Lokaci da kiyaye lafiya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Da hunturu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma hazo yakan rufe nesa. Da bazara kuwa kada a wuce hantsi a waje. Da damina faloli suna da santsi, ciyawa ta yi tsawo, macizai kuma sun fito.

Ruwa ne ya fi komai haɗari. Yawancin waɗannan tafkuna da magudanai ana kamuwa da cutar tsargiya a cikinsu, don haka a hana yara wanka ko wasa a ciki. Magudanar da ake gani kamar a kwance take, tana da ja mai ƙarfi. Haka nan kada a shiga kwale-kwalen da aka cika shi fiye da kima, ko wanda babu rigunan kariya a cikinsa. Kifewar jirgin ruwa a Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 ta ci rayuka da dama, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

Kira ga masu riƙe da jama'a

Muna kira ga baƙi, musamman masu zuwa a ayari, su fara isa wurin mai unguwa ko dagaci su gabatar da kansu, su nemi ɗan gari ya yi musu jagora, su kuma sallame shi da abin da ya dace. Kada a ɗauki hoton mata ko cikin gidajen mutane, kada a zubar da leda inda dabbobi suke kiwo, kada kuma a kunna wuta a daji.

Su kuma dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ake buƙata daga gare su bai kai yawan da ake zato ba: a ware fili guda na ajiye motoci nesa da gonaki, a san matasa biyu ko uku amintattu da za su riƙa yi wa baƙi rakiya, a kuma kafa allon gargaɗi da Hausa, a boko da ajami, a duk mashigar ruwan da aka san tana da zurfi.