Labarin ƙasar Kawar da mutanenta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi. Amma bayan haka, ina nufin in bayyana maka, ya kai ɗalibi, ƙasar da gishirin tuwonka ya ke fitowa, da dalilin ƙarancin mutanenta.

Ka sani Kawar tana cikin Sahara, gabas da Abzin, arewa da Barno, yau kuwa cikin Nijar ta ke. Siffarta wani dogon dutse ne, ya miƙe daga kudu zuwa arewa kamar kilomita 150. A gindinsa ta yamma ruwa ya ke kusa, nan dabino ya ke, nan garuruwa su ke jere: Balma, da Dirku, da Anai, da Sigidin. Arewa da su akwai Jado, yamma kuwa Fashi, ita kaɗai tsakiyar rairayin Tenere. Abin da ya saura duka yashi ne da tsakuwa. Shekara ta kan wuce ba a ga ruwan sama mai jiƙa ƙasa ba.

Fasali a kan mutanenta. Kashi biyu ne, Barebari da Tubawa. Barebari su ne mazauna gari, masu ramukan gishiri. Tubawa masu raƙuma ne, masu yawo. A ƙidayar 2012, dukan mutanen yankin Balma ba su cika 20,000 ba, alhali faɗinsa ya fi ƙasar Kano da Katsina da Zazzau in an gama su. Dalili kuwa a fili ya ke: gero ba ya ishe su, sai an kawo. Ƙasar da ba ta ciyar da kanta ba ta tara jama'a sai gwargwadon abin da raƙumi ya ɗauko.

Saboda haka a da rayuwarsu ta rataya ga ayari. Bayan damina Abzinawa su kan sayi gero a ƙasar Hausa, su ɗaure ciyawar raƙuma, su ratsa Tenere inda babu kiwo, su sauka Fashi, sa'an nan Balma. A can, wurin da a ke ce wa Kalala, a kan haƙa rami, ruwan gishiri ya taru, rana ta shanye shi. Mai kyau shi ne beza, na miya. Mai gauraye da ƙasa a kan zuba shi cikin kututturen dabino da aka fafe, ya zama kantu, na dabbobi. Su ba da gishiri da dabino, su karɓi gero da tufa. A da, shekarar da ayari bai zo ba, yunwa ce.

Fasali a kan tarihinta. Ibnu Abdil Hakam ya ambata cewa Uƙba ɗan Nafi'u ya kai Kawar a shekara ta 46 ta Hijira, wato 666. Idrisi kuma, cikin littafinsa na 1154, ya yabi alif ɗinta da a ke kai wa ƙasashe. Sarakunan Kanem da Barno sun riƙe ta, domin ita ce hanyarsu ta Fazzan da Tarabulus, kuma bayi masu yawa sun mutu a kan rijiyoyinta. Daga baya hannun Abzinawa ya rinjaya a cinikin gishiri, har Faransawa suka kama Balma a 1906. Jado kuwa ta zama kango tun da daɗewa, sai a 2014 aka sami zinariya kusa da ita, mutane suka yi ca a kanta, hukuma ta rufe wurin a 2017.

To, ka duba: mai gishiri ba shi da gero, mai gero ba shi da gishiri, kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Allah ne Masani. Tamat bi hamdillahi.