Hana Dubiya a Lokacin Korona da Halin da Dangin Majinyata Suka Shiga

Hana dubiya mataki ne da asibitoci ke ɗauka idan annoba ta ɓarke, don kada mai shiga ya kai wa majinyata cuta, ko ya kwaso ta ya kai gida. Ƙasashe da dama sun ɗauki matakin bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris, 2020. A Kano an tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 11 ga Afrilu, aka riƙa kai waɗanda suka kamu cibiyoyin killacewa irin ta Kwanar Dawaki, inda dangi ba su da damar shiga. Hujjar matakin tana da ƙarfi, musamman a watannin da babu allurar rigakafi, kayan kariya kuma ba su ishi ma'aikata ba. Sai dai killacewar ta yi wa mai dubiya da mai jinya kuɗin goro, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Mai dubiya yakan zo da lemo ko ayaba, ya yi sannu, ya yi addu'a ya tafi. Mai jinya kuwa, wanda galibi uwa ce ko mata ko ɗiya, shi ke sayo magani a kemis, ya kawo abinci daga gida, ya wanke tufafi, ya juya marar lafiya, ya nemo wanda zai ba da jini, ya kwana a tabarma kusa da gado. A asibitocin da nas-nas ba su wadata ba, wannan aiki wani ɓangare ne na jinyar kanta, ko da yake ba ya cikin lissafin kowace ma'aikata. Da aka cire shi sai giɓin ya fito fili: a watan Mayun 2020 majinyatan cibiyar killacewa ta Kwadon a jihar Gombe sun fito kan titi suna kukan rashin kulawa.

Su kuma dangi, abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin labari. Wanda a da yake tare likita a bakin ƙofa ya tambaye shi, ya koma zaman jiran waya, inda kuma labari ya yanke jita-jita ke samun gindin zama. Idan rai ya yi halinsa abin ya fi tsanani. Ba a samu laƙƙana wa mamaci kalmar shahada ba, ba a nemi yafiya ba, ba a ji wasiyyarsa ko bayanin bashin da ke kansa ba. Ƙa'idojin binne gawa sun taƙaita wanka da yawan masu jana'iza, dokar kulle ta hana zaman makoki, ga matar mamaci ta shiga takaba babu masu ɗebe mata kewa.

Illar ba ta tsaya kan iyali ba. Tsoron mutuwa a killace yana sa mutane ɓoye marar lafiya a gida, wanda hakan ke ƙara yaɗa cutar. Ingila ta sassauta nata tsarin da wuri: bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a wani asibitin Landan babu kowa nasa a kusa, gwamnati ta sanar a tsakiyar Afrilun 2020 cewa za a bar dangi su yi bankwana da wanda ke gargara. Abin da ya dace da asibitocin Arewacin Najeriya idan annoba ta sake ɓarkewa shi ne a tsayar da dubiya, amma a ƙyale mai jinya guda, a gwada shi, a ba shi kayan kariya, a kuma keɓe ma'aikacin da zai riƙa kiran iyali kullum.